Abin da Ya Kai Gimba Birmingham

Ranar da labarin ya iske Sabuwa, tana tsaye a kicin tana yanka alayyahu, rediyo na ta surutun zaɓe da ba ta ganewa sai rabi. Wayarta ta yi ƙara. Da ta ga sunan Harun sai ta ajiye wuƙar, domin ɗan nata bai ƙara kiran gidan ba tun ranar sunan 'yarsa.

"Umma, ki zauna," ya ce.

"Ina jin ka a tsaye. Mene ne?"

"Baba ne. Ina asibiti, nan Birmingham. Sun ce zuciyarsa ce. A cikin motarsa aka same shi, ya riga ya cika."

Ta yi salati, ta dafa bango. Kuka bai zo ba tukuna. Abin da ya fara fita daga bakinta shi ne, "Birmingham kuma? Mutumin da ya ce min tashar jirgi zai je ɗaukar fasinja?"

Gimba, mijinta, direban tasi ne a Manchester tun kafin a haifi Harun. Gidansu na Levenshulme, a wani layi bayan Stockport Road. Mutum ne mai sallah da son raha, ba a san shi da siyasa ba sai a shekarar nan, da wata sabuwar jam'iyya ta taso tana cewa ƙasa ta cika, a rufe ƙofa, a mayar da waɗanda ba su da zaman dindindin. Maganarsu ta shige shi. Gwiwarsa na ciwo, ya yi ta neman ganin likita ana ce masa ya jira. Sabbin direbobi sun cika gari, fasinja ya yi wuya. Kullum ya dawo sai ya ce, "Mu da muka zo ta ƙofa, muka yi wa ƙasar nan bauta, mu ne a ƙarshen layi."

Sabuwa karatunta bai wuce firamare ba, a Gwammaja ta Kano, kuma ba ta saba jayayya da miji ba. Sau ɗaya ta taɓa ce masa, "Malam, mutanen nan idan suka tashi kora, ba za su tsaya tambayar shekarar da ka zo ba." Ya yi dariya, ya ce ta zuba masa shayi.

A wajen sunan ne abin ya ɓaci. Harun yana zaune a Birmingham da matarsa Raki, 'yar Zariya da ta zo karatu, ta kama aiki a gidan kula da tsofaffi. Takardun zamanta na wucin gadi ne. Maza na cin tuwo a falo, hira ta gangaro kan zaɓe, Gimba ya faɗi da ƙarfi cewa sabuwar jam'iyyar zai zaɓa, kowa ya ji.

Harun ya ce, "Baba, har da Raki a cikin waɗanda za a kora?"

"Idan doka ta ce ta koma, sai ta koma. Ba ni na rubuta doka ba."

Raki tana bakin ƙofa, faranti a hannu, jego bai sake ta ba. Harun ya tashi ya buɗe ƙofar waje, ya tsaya riƙe da ita har mahaifinsa ya fita. Daga ranar ba su ƙara magana ba.

Yanzu ga shi an tsinci motar Gimba a gefen wani titi a Birmingham. Gaba kaɗan akwai ɗakin taron da jam'iyyar ta yi gangami a ranar. Baya kaɗan kuma gidan Harun ne. Duka wuraren biyu mutum zai iya takawa da ƙafa, ko da gwiwa mai ciwo. Ba wanda ya san inda ya nufa.

Hukuma ta riƙe gawar don bincike, sai zaman makoki ya riga jana'iza. Maza suka cika falon gaba, mata suka cika kicin da matattakala. Bangon gidan siriri ne, Sabuwa tana kan tabarma da carbi tana jin komai. Ana yin addu'a, a shafa, sai zaɓe ya dawo.

Jumare, abokin tasin Gimba, shi ne mai babbar murya. "Ni dai abin da marigayi ya yi niyya shi zan yi. Shekara nawa muna ba tsofaffin jam'iyyu ƙuri'a? Me suka tsinana mana? Ɗana da matarsa har yau suna jiran gidan haya na gwamnati."

"Alhaji, to ni ne na cinye gidan?" Wannan Abdulhafiz ne, ɗalibi daga unguwar Fallowfield da ke zuwa gidan cin tuwo ranar Juma'a. "Ɗakin da nake ciki ko akuya aka sa za ta yi ƙara."

"Kai baƙo ne, ka gama karatunka ka tafi. Ba da kai ake ba."

"Da ni ake mana. Kuma ina da ƙuri'a kamar yadda kake da ita, mu 'yan Commonwealth ne, ƙasashe renon Ingila. Ka je taronsu da hular nan taka, ka ga ko za su ba ka kujerar gaba."

"Na je! Har hoto aka ɗauke mu."

"Ai dole a ɗauke ku hoto, Alhaji. Hoton suke so."

Wani ya yi dariya, wani ya ce a ji tsoron Allah, gidan mutuwa ne. Jumare ya rage murya, amma ba sosai ba. "Gimba taron ya je. Na san shi. Namiji ne, ba ya janye magana."

"Jikarsa ya je gani," in ji wani dattijo. "Wa zai tuƙa mota har Birmingham don ya ji ihun Bature?"

Sabuwa ba ta damu da wanda zai ci zaɓe ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a ƙirji. Tun tana yarinya ta san cewa abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, Allah mai gafara ne, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Kafin a sallaci gawa liman zai juyo ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa. Tana so a sa Gimba a ƙasa ba tare da nauyin ɗansa a kansa ba.

Harun ya yi duk abin da ɗa yake yi. Shi ya bi ofis-ofis har aka saki gawar, shi ya biyo motar da ta kawo ta Manchester. Amma bai zauna a falo ba, kuma idan aka ce masa "Allah ya jiƙan Baba," sai ya ce amin yana kallon takalminsa. Da Sabuwa ta tare shi a matattakala ta fara maganar yafiya, sai ya ce, "Umma, ki gaya min inda ya nufa tukuna. Ke ya bari a gida. Ke kika san fuskar da ya fita da ita."

Hana, maƙwabciyarta kuma aminiyarta, ta ji su. Ta ja ta ɗaki ta tura ƙofa.

"Yaya Sabuwa, wannan ai mai sauƙi ne. Ki ce masa da safen babansa ya ce miki zai je ya ba su haƙuri. Shi ke nan."

"Bai ce ba."

"Wa ya sani ban da ke? Malamai ma sun ce ƙaryar sulhu ba laifi ba ce. Ki taimaki bawan Allahn nan, gobe za a rufe shi."

Sabuwa ta yi ta juya safiyar a ranta. Gimba ya sha kununsa, ya nemi makullin mota, ya yi mitar gwiwa. Ya sa riga mai kyau, amma yakan sa ta idan zai ɗauki fasinjan tasha. Ya tsaya a ƙofa kamar zai yi magana, sai ya ce ta kashe hita kafin ta fita. Ta nemi wani abu a ciki da za ta riƙe, ba ta samu ba.

Da safen jana'iza ta iske Harun a ɗan filin bayan gida, kusa da kwandunan shara, hannuwansa cikin aljihu. Ana yayyafi. Masu tafiya masallaci sun fara fita ta gaba, tana jin ana buɗe motoci.

"Na zo in ba ka amsa," ta ce.

Ya ɗago. Idonsa irin na uban ne. Ta ga yadda yake jira, ta gane cewa duk abin da ta faɗa zai karɓa, domin ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Kalmomin Hana suna bakinta, a shirye.

"Ban sani ba," ta ce. "Wallahi ban sani ba. Bai gaya min komai ba."

Harun ya sauke numfashi, ya juya mata gefe.

"Amma ka ji ni. Ko taron ya je, ubanka ne. Shi ya goya ka a wuya ya kai ka makaranta cikin ƙanƙara. Tsoro ne ya kama shi da ya tsufa, ya ga ƙarfinsa na tafiya, waɗancan suka nuna masa wanda zai ɗora wa laifi. Ka yafe masa a haka, ba sai ya cancanta ba."

"Umma, a gaban mutane ya ce a kori matata. My wife. Uwar jikarsa. Kuma mutanen nan suna iya ci. Raki ba ta barci. Ke ba ki yi min ƙarya ba. Ni ma ba zan yi miki ba. Idan na faɗa yanzu, baki ne kawai."

Ƙofar kicin ta buɗe. Raki ce, jaririya a kafaɗa, ta lulluɓe ta da mayafi saboda yayyafin.

"Umma, ni na yafe wa Baba," ta ce a hankali. "Duniya da lahira. Amma kada ki ce in matsa wa wannan. Nasa daban ne."

Sabuwa ta kama hannunta ta riƙe. Daga gaba Jumare ya ƙwala kira, ana jiran ɗan mamaci. Harun ya bi ta gefensu ya wuce.

Mata ba su je maƙabarta ba. Da la'asar Jumare ya tsaya a ƙofar falo, hula a hannu, ya ba ta labari ba tare da ta tambaya ba. Ya ce da liman ya nemi a yafe, sahu duka ya amsa, har Abdulhafiz. Ya ce yana kusa da Harun, bai ga leɓensa ya motsa ba. "Amma Hajiya, shi ya shiga kabarin. Shi ya karɓe shi ya kwantar, ya gyara masa fuska zuwa gabas. Da ƙyar muka fito da shi."

Zaɓe ya zo ya wuce tana cikin takaba, ba ta fita ba. Ta ji ana ta lissafin kujeru a rediyo, ta kashe. Jumare da Abdulhafiz har yau ba sa zama kusa da juna a masallaci. Raki tana nan tana aikinta, tana jiran ranar sabunta takardu.

Kowace safiya, idan Sabuwa ta idar da azkar, takan kira Birmingham kafin Harun ya fita aiki. Ba ta ƙara tayar masa da maganar ba. Takan tambayi ko sun karya, ko yarinya ta yi barci, ko ana ruwa a can. Idan ya ce, "To Umma, sai anjima," ba ta kashewa nan take. Takan bar wayar a kunnenta kaɗan, ko zai ƙara wani abu.