Kajin da Suka Kai Ni Gaban Hukuma

Na fi shekara ashirin ina renon 'ya'yan mutane a gidana da ke bayan coci a Cereté, kuma ba a taɓa kai ƙarata ko'ina ba sai da na yi tallar kaji. Iyaye mata su ajiye mini yara da safe su tafi wanki ko kasuwa, da la'asar su dawo su kwashe abinsu a ƙoshe. Hukumar kula da yara ce ta ba ni izini, ita ke turo shinkafa da madara. Wasu da na share wa majina, yau su ke kawo mini nasu 'ya'yan. Sunana Edelmira, amma kowa Seño Mira yake ce mini, wato Malama Mira, har mijina Wilfrido in yana son wani abu a wurina.

A shekarar kajina suka yi albarka har suka ishe mu. Wilfrido ya fara ƙorafin suna cinye masa masara, ya ce in sa su a shafin tallan nan na waya inda ya sayar da tsohon babur ɗinsa. Ya miƙo hannu zai rubuta mini, na buge hannun. Ni da nake koya wa yara baƙi da wasali, wani zai rubuta mini talla?

A wajenmu kalma ɗaya ake kiran budurwar kaza da yarinya mai tasowa da ita, pollita, kuma ni dama "'yan matana" nake ce wa kajin. Ga abin da na rubuta, ina jin daɗin kaina: "Ina da 'yan mata sabbin tasowa, jajaye da baƙaƙe, lafiyayyu. Ana kaiwa har gida. A nemi Seño Mira, gidan renon yara na bayan coci." Na ɗauki hotonsu na ɗora, ya yi ta juyawa bai hau ba, ni kuwa madara na neman ƙonewa a wuta, na danna na wuce. Ko sau ɗaya kalmar kaza ba ta fito a tallar ba.

Shafin yana da sashen manya, inda mata masu zaman kansu ke sa lambarsu. Kowa ya sani, har Wilfrido da ke rantsuwar bai taɓa lura ba. Ban kawo shi a raina ba. Da na duba na ga tallar ta ɓace, sai na zagi kamfanin waya na ci gaba da harkata.

Washegari wata mace ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ke ce mai 'yan matan?"

"Ni ce, 'yata. Guda nawa kike so?"

"Shekarunsu nawa?"

"Shekara kuma? Watansu huɗu. Na ƙwai kike nema ko na yanka? In na miya ne gara ki ɗauki jajayen, sun fi ƙiba."

Na ji ta ja numfashi, sannan ta fashe da wata irin dariya mai kama da kuka. Ta ce, "Inna, don Allah me kike sayarwa?" Na ce kaji mana, da me zan sayar, jirgin sama? Ta yi ta godiya kamar na ba ta kyauta, ta kashe waya ba ta sayi ko ɗaya ba. Na ce wa Wilfrido mahaukata sun yi yawa a wayar nan.

Kafin mako ya ƙare, ana tsakiyar cin abincin rana, sai ga wata jami'a daga hukumar yara da ɗan sanda a bayanta. Ta karanta mini tallata da ƙarfi a tsakar gida. Wallahi sai da na ji maganata a bakin wata sannan na ji abin da na rubuta. Na ja su bayan gida na nuna musu kajin. Ɗan sandan ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Kowa yana da kaji a bayan gidansa, Seño," ta ce. "Masu wancan abin ma da irin kalmomin nan suke fakewa. Na'urar kamfanin da ke da shafin ce ta tsayar da tallar ta aiko mana rahoto. In ba su janye rahoton ba, gidan nan a rufe yake sai an gama bincike."

Aka kira iyaye. Wadda ta fara zuwa Ledys ce, yarinyar da na goya a bayana lokacin da uwarta ke sayar da kifi a bakin kogi. Ba ta gaishe ni ba. Ta ɗauki 'yarta Dayanis, yarinyar ko cokali ba ta ajiye ba, ta juya. Wannan ya fi rufe gidan yi mini ciwo, kuma na ƙullace ta sosai.

Gida ya yi tsit, sai kukan kajin da na daina iya kallo. A kasuwa mata su yi mini sannu da baki, idonsu na wani wuri. Na ɗauki Wilfrido muka hau mota zuwa Montería, ofishin kamfanin, wani bene mai sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa. Bayan dogon jira lauyansu ya fito, saurayi mai ladabi, ya ba mu ruwa.

"Mu bango ne kawai, Inna," ya ce. "Mutane ke zuwa su manna takardunsu. In muka ce mun karanta taki mun tabbatar kaji ne, gobe kotu za ta ce ashe kuna karantawa kuna tabbatarwa, to duk wata mummunar talla da ta wuce a wuyanku take. Kamfanoni irin namu nawa aka rufe a kan haka. Mun kai rahoto, mun sauke nauyinmu. Ki yi haƙuri bincike zai wanke ki."

"Yaushe?"

Ya buɗe hannuwa. Ban tsane shi ba, na ga tsoro ne ke cinsa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma na gaya masa bangon da ke iya kiran 'yan sanda ya kamata ya iya cewa ya yi kuskure. Da ƙarfi na faɗa, duk masu zama gaban kwamfuta suka ɗago.

Muna sauka daga bene wata siririyar budurwa ta biyo mu da gudu. Ta ce, "Na ƙwai ko na yanka?" Na tsaya ina kallonta. Ta ce sunanta Yuranis, ta gane muryata, ita ce mahaukaciyar da ta kira. Aikinta duba duk tallar da na'ura ta tsayar, amma na'urar tana aika rahoto tun kafin mutum ya gani. An hana su kiran masu talla, ita da wayarta ta kira ni. Tun ranar ta gaya wa shugabanta kaji ne, aka ce ta rufe bakinta.

"Yaushe hukumar yara za ta zauna a kan maganarki?" ta tambaya.

"Ranar Alhamis. Amma 'yata, aikinki fa?"

"Ki ajiye mini kujera," ta ce, ta koma sama.

Ban yarda za ta zo ba, don na ga irin alkawarin mutanen birni. Ranar Alhamis sai ga ta ta sauko daga acaɓa, gashinta duk a hargitse. A gaban jami'ar nan da wasu biyu ta faɗi sunanta da inda take aiki, ta ce ta karya dokar kamfani ta kira ni tun kafin in san akwai rahoto, ta maimaita hirarmu kalma da kalma har da jirgin sama. Ta nuna musu ranar kiran a wayarta. Jami'ar ta tambaye ta ko kamfani ya san ta zo. Ta ce, "Zai sani." A nan take suka ce in buɗe gidana ranar Litinin, kuma in daina rubuta talla ba tare da wani ya duba ba. Wilfrido ya yi gyaran murya, na taka masa ƙafa.

Na ja ta wata rumfa a bakin titi na saya mata miyar doya da cuku. Na rasa ta inda zan fara godiya, sai na yi ta tura mata soyayyiyar ayaba. Na tambaye ta abin da ya sa ta sa kanta a wuta saboda tsohuwar da ba ta sani ba.

Ta juya cokali a kwano. "Inna, ba ke kaɗai na kira ba a watan nan. Duk tallar da ta zo da irin kalmominki ina kira, in tura wa 'yan sanda abin da na ji. Taki ce kawai ta zama kaji." Ta share ido da bayan hannu. "Ranar na koma gida na ci abinci har na ƙara. Ni ce ya kamata in gode miki."

Ban iya ƙarasa abincina ba. Ni ina ta jin haushin na'urar da ta ɓata mini suna, ashe akwai ƙofofin da aka ƙwanƙwasa aka tarar da abin da ake tsoro. Na riƙe hannunta na yi mata addu'ar da ban taɓa yi wa wanda ba jinina ba. Ba su kore ta ba, daga baya na ji. Sun yi mata faɗa sun bar ta, don babu mai son kujerarta.

Ranar Litinin na share tsakar gida tun da safe na dafa madara. Yara suka fara shigowa, wasu da gudu, wasu suna laɓewa bayan iyayensu. Ledys ce ta ƙarshe. Ta tsaya a bakin ƙofa da Dayanis a hannu, idonta a ƙasa.

"Seño Mira, ki yafe mini. Ke kika rene ni, bai kamata in..."

Duk kwanakin nan ina tanadar mata magana mai zafi, na gyara ta na sake gyarawa. Na karɓi yarinyar, na ji nauyinta a kafaɗata, maganar ta ɓace.

"Kin yi daidai," na ce mata. "In kika sake jin irin wannan a kaina, ki sake zuwa da gudu ki ɗauke ta. Kada ki tsaya gaishe ni."