Cukun Madam Piroska

Fourera ta daɗe tana kula da tsofaffi a birnin Greensboro na Amurka, amma ba ta taɓa haɗuwa da mai taurin kan Madam Piroska ba. Tsohuwar 'yar ƙasar Hungary ce, tana zaune a wani babban gida a unguwar Irving Park. Tun da ta faɗi ta karye a ƙugu aka sallamo ta daga asibiti, sai ta yi yaji da abinci. A kawo miya ta kau da kai, a kawo shayi ta bar shi ya huce. 'Yarta Angelina ta fara maganar mayar da ita asibiti a riƙa ba ta abinci ta roba.

Wata ranar Laraba, Fourera na taje mata kai, tsohuwar ta ce abu guda take marmari a duniya, sunansa turo. Wani farin cuku ne mai laushi da ɗan tsami, wanda uwarta ke gauraya shi da sukari da zabibi. Angelina ta sha sayo mata cukun kanti, ita kuwa ta ce wannan ruwa ne da gishiri.

Da Fourera ta nemi a kwatanta mata yadda ake yi, sai ta ji abin bai yi nisa da gida ba. A Abalak ta ƙasar Nijar ta girma, inda mata ke shanya cuku a kan tabarma. Ta ce za ta gwada.

Gwajin farko da madarar kanti ta yi. Madarar ta ƙi kwana ta zama kindirmo, sai ɗoyi. A na biyu ta matsa lemun tsami, abin ya fito kamar danƙo. Tsohuwar ta sa yatsa ta taɓa, ta ture kwanon. Fourera ta koma gida a bas rai a ɓace, ta faɗa wa mijinta Zabeirou ta haƙura. Shi ne ya tuna mata da manomin nan na McLeansville, wanda suke sayen ragon layya a wurinsa, ai yana da shanu. Ranar Asabar ya ajiye tasi ɗinsa suka je suka samo madarar safe.

Fourera ta rufe madarar a tukunya ta bar ta har ta kama kanta. Sannan ta ɗora a wuta 'yar kaɗan, tana tsaye a kai, ba ta bari ta tafasa ba, har farin ya rabu da ruwan. Ta juye a farin ƙyalle, ta ɗaure, ta rataye a jikin famfo yana ɗiga. Da ya tsane, ta gauraya shi da sukari da zabibi ta kai wa tsohuwar.

Madam Piroska ta daɗe tana kallon kwanon. Ta ɗebi kaɗan ta murza tsakanin yatsu, ya warwatse gari-gari. Ta kai baki. Ta sake kaiwa.

"Sukari ya yi yawa," in ji ta, "kuma ina ɓawon lemun?"

"Ba ki ce a sa ba, Mama."

"To miƙo mini abin dogarawata. Ke ba za ki iya ke kaɗai ba."

Matar da ta yi makonni ba ta sauko daga gado ba sai da mutum biyu, ga ta nan tana jan ƙafa zuwa kicin, tana ba da umarni. Ta goga ɓawon lemu da kanta, ta cinye kwanon tas a tsaye. Angelina ta shigo ta tarar da su a haka, ta jingina da ƙofa, jaka na rataye a kafaɗarta, tana kallonsu.

Kafin bazara ta wuce, tsohuwar ta kira ƙawayenta 'yan ƙasarsu daga garuruwan kusa. Suka cika falo, ana soya fanke ana cusa masa turo. Da wata ta tambayi inda aka samo shi, Madam Piroska ta kamo hannun Fourera, ta zaunar da ita a babbar kujerar teburin, ta ce kowa ya jira sai an fara zuba mata.