Ruwan da Akawal Ya Sha

"Kada ki bari ta sa masa komai a baki!"

Muryar Mai Amalanke ce daga cikin ɗaki. Ciwo ya cinye rabinta, amma bai taɓa ikonta ba.

Matarsa, Uwar Biyu, ta ci gaba da abin da take yi. Tana tsakar gida riƙe da ragamar doki, likitar dabbobi kuma ta ɗage leɓensa tana duban dasashi. Akawal, baƙin dokin da ya yi shekaru yana jan yashi da bulo ga duk mai gini a unguwar, ya koma abin da ake ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Idan ya ja numfashi sai a ji gurnani kamar na zugazugin da ya huje.

A gindin bango Yaya ta shimfiɗa tabarma. Yayar maigidan ce, kuma a faɗarta jinya ta zo yi. Tun zuwanta dai ba a ga ta wanke ko cokali ba. Aikin da ta ɗaukar wa kanta shi ne kallon hannun Uwar Biyu, kuma a gaskiya ba ta yi sakaci da shi ba.

Tun bara dokin ya fara rama. Sai tuntuɓe a kan hanya mai kyau, sai kuma ruwan da ya sha ya riƙa dawowa ta hanci. Mai Amalanke mutum ne da bai yarda akwai abin da ke faruwa don kansa ba. Ya fara da zargin abokan sana'arsa, ya wuce ga mai tsaron famfo, ya sauka a kan maƙwabcin da Akawal ya taɓa yi wa kashi a ƙofar gida. Daga nan ya ɗauki matakai. Ya hana dokin shan ruwa a famfo. Ya sa wa barga kwaɗo, makullin kuma ba ya rabuwa da jikinsa. Ciyawa ya mayar da ita kan katangar baya, wadda ta raba gidan da filin Mai Batir, domin a duk unguwar Mai Batir ne kaɗai bai shiga cikin waɗanda ake tuhuma ba. Abokinsa ne tun suna yara. Shi ne ma ya ba shi kyautar ƙwanson wani ƙaton batir, aka fasa shingayen cikinsa, ya zama abin shan ruwan doki wanda ba ya tsatsa ba ya yoyo.

Sai kuma ya ƙara da wata ɗabi'a da yake alfahari da ita. Safe da yamma, kafin Akawal ya sa baki, shi zai fara cika kofi daga ƙwanson ya shanye.

"In guba ce, ta fara da ni," in ji shi. "Kin ji ruwan ma har da ɗan zaƙi."

Da damina ta wuce sai cikin Mai Amalanke ya fara murɗa. Bayan gida ya ɗauke. Wuyan hannunsa ya saki, har bulala ta riƙa zamewa daga yatsunsa a tsakiyar titi. Ya kwanta ya yi nazari irin nasa: barga a kulle take, baƙo ba ya shiga gidan, ga shi kuma abin ya ci doki ya kamo mai doki. Mutanen da ake zargi suka riƙa raguwa, har ya rage mutum ɗaya.

Bai taɓa faɗa wa Uwar Biyu cewa ita yake zargi ba. Da ya faɗa, da ta sami abin da za ta rantse a kai. Sai dai ta kawo abinci ya juya fuska bango. Ya daina shan ruwan randarta, ya koma ga ƙwanson barga kacokan, tunda shi kaɗai ne ruwan da ke bayan kwaɗo. Auren da ya kai ga jikoki ya koma ta ajiye kwano, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Matan layin da ke aiko yara karɓar gishiri a wurinta suka gano cewa akwai gishiri a kanti. Duk wannan tana iya ɗauka. Abin da ke hana ta sukuni shi ne kada mutumin nan ya tafi da wannan zato a ransa.

Don haka ta taka da ƙafarta har ofishin kula da dabbobi. Ta san ba zai yarda a duba shi ba, amma wataƙila ya yarda a duba dokin.

"Mama, a ina yake shan ruwa?" likitar ta tambaya, tana goge hannu.

Tun da aka fito da dokin aka sake kulle barga. Sai da aka yi jeka-ka-dawo tsakanin ɗaki da tsakar gida kafin makulli ya fito, kuma a hannun Yaya ya fito. Ita ta buɗe, ita ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai gadin banki.

Likitar ta durƙusa gaban ƙwanson. Ta zura yatsa har ƙasa, ta ɗago shi da wata laka mai launin toka. Ta miƙe ta jawo ciyawa daga kan katanga ta murza, tafin hannunta ya yi furu-furu. Daga bayan katangar wani siririn hayaƙi yana tasowa, yana kwantawa a kan ciyawar cikin natsuwa, kamar yadda ya saba.

"Me ake ƙonawa a can?"

"Maƙwabcinmu ne. Tsofaffin batura yake fasawa, ya narka abin cikin."

"Dalma ke nan," in ji likitar. "Ba zan rantse ba sai an auna jini, amma wannan numfashin da wannan ramar na san su. Ba ta kashewa rana ɗaya. A hankali take taruwa a jiki." Ta dubi kofin da ke rataye a jikin turke. "Mama, ban da dokin, akwai mai shan ruwan nan?"

 Uwar Biyu ta juya ta dubi labulen ɗakin.

"A kai shi asibiti yau. Ba gobe ba," in ji likitar.

"Ikon Allah," in ji Yaya, tana gyara mayafi. "'Yar nan, ke 'yar wace ce? A ina kuka san juna da matar ƙanena? Likitan doki ya koma duba mutum ta cikin labule, to, madalla da ilimin zamani."

Uwar Biyu ta shiga ɗaki ta durƙusa a gefen gado. Ta faɗa masa komai, a hankali, yadda aka faɗa mata. Ya saurara idonsa a rufe.

"Mai Batir," ya ce daga ƙarshe. "Mutumin da ya ɗauki gawar mahaifina a kafaɗarsa. Shi kika samo?"

"Ban ce ya yi da gangan ba, Malam. Shi ma bai sani ba."

"Ke kika kirawo ta?"

"Ni na kirawo ta."

"To," ya ce, ya juya bango.

'Ya'yansu 'yan biyu ne suka zo daga inda suke aiki suka ɗauke shi cak suka sa a mota, yana tsine wa direba. Jinin mutum da jinin doki suka faɗi magana ɗaya. Likitan asibiti ya ƙara da cewa ƙoda ta riga ta gaji, kuma da an zo da wuri da an yi wani abu, maganar da likitoci ke ajiyewa musamman don waɗanda ba ta da sauran amfani gare su. Mai Amalanke ya ce a mayar da shi gida, tunda a can aƙalla ya san fuskar masu son ganin bayansa.

Unguwa ta karɓi labarin ba tare da wahala ba. Waɗanda suka zargi matar suka kwashe zarginsu suka kai ƙofar Mai Batir, ba su zubar da ko ɗigo a hanya ba. Shi kuwa ya kashe wutarsa, ya riƙa zuwa yana zama a dakalin gidan, hula a gwiwa, ya kasa yin sallama. Yaya ta ce na'ura abin da aka gaya mata take faɗa. Aka kife ƙwanson a bayan gida, aka zubar da ciyawar. Mai Amalanke ya ji an kife shi, sai ya daina shan ruwa gaba ɗaya, in ba wanda Yaya ta ɗiga masa ba.

Ranar da abin zai faru, bayan azahar, Yaya ta fita neman wani magani da aka yi mata kwatance. Zafi ya cika ɗakin. Leɓunansa sun tsage, harshensa yana manne wa dasashi. Uwar Biyu ta zo da kofi.

"Malam, ka sha. Don Allah."

Ya dubi kofin, ya dubi hannun da ke riƙe da shi. Ya daɗe yana dubawa.

"Akawal ya sha?"

Ta ajiye kofin. Ta fita ta kwance dokin daga inuwar da aka mayar da shi, ta jawo shi yana jan ƙafa har bakin ɗakin, ta ɗage labule ta rataye a kan ƙofa. Ta kawo babban kwanon da take wanke hatsi, ta ajiye a bakin ƙofar inda zai gani. Ta ɗebo daga randarta ta zuba, ta sake ɗebowa ta zuba, duk a kan idonsa. Akawal ya sunkuyar da kai cikin ɗakin ya sha. Kaɗan ya dawo ta hanci, amma bai kai na da ba. Ya ɗago, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya hura wa ubangidansa iska.

"Ɗan banza," in ji Mai Amalanke a hankali. "Ka fi ni kyan gani."

Ta tsoma kofin a cikin kwanon, ta tallafi kansa. Ya kurɓa, ya tsaya yana juya ruwan a baki kamar yadda ya saba yi a barga.

"Wannan ba shi da zaƙi."

"Haka ruwa yake, Malam."

Ya sake kurɓa, sannan ya shanye. Ya kwanta yana kallon rufi. Can sai ya fara laluben ƙarƙashin matashi da hannun nan da ya saki, yana turawa da bayan yatsu, har makullin barga ya faɗo kan tabarma. Ta sunkuya za ta mayar masa.

"Riƙe," ya ce. "Kada ki ba Yaya. Ba ta san doki ba." Ya numfasa. "Ki ce wa wancan na dakali ya shigo. Zaman me yake yi kamar baƙo?"

Mai Batir ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da gadon. Da Yaya ta dawo da ƙullin maganinta ta tarar da doki a bakin ɗaki, da makulli a hannun Uwar Biyu. Ta buɗe baki, ta dubi ƙanenta, ta rufe. Kafin rana ta yi sanyi Mai Amalanke ya cika.

Akawal bai koma jan amalanke ba, kuma gurnanin bai bar ƙirjinsa ba, amma haƙarƙarinsa sun fara ɓuya. Kwaɗon yana rataye a jikin ƙofar barga a buɗe. Kowace safiya Uwar Biyu takan cika kwanon daga randa ta kai gindin turke. Dokin yakan miƙo wuya, ita kuma takan tare shi da kafaɗa, ta tsoma kofi ta kurɓa tukuna, sannan ta matsa masa.