Haƙorin Yaya Vernon

Kwana biyu da zuwan Vernon garin ƙanwarsa Marlys a kan dutse, haƙori ya kumbura masa kunci. Da safe ta kai shi wurin Dakta Orrin, likitan haƙori ɗaya tilo a garin. Suka tarar da takarda a ƙofa: “Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Ina bisa.”

“Bisa ina?” in ji Vernon, hannu a kunci.

“Saman dutse, Yaya. In sabuwa ta zubo, kowa rufewa yake ya tafi zamiya a kanta kafin a tattake ta.”

“Har likita?”

“Shi ne ma na gaba,” ta ce, ta ja tsaki. Ita kanta katakon zamiyarta na bayan mota tun asuba, amma ba ta faɗa ba.

Ta buga waya sau huɗu, shiru. Sai ta saɓa katakon, ta ja yayanta suka hau kujerar da igiya ke ja zuwa ƙololuwa. Can suka iske Orrin yana gyara gilashin idonsa.

“Orrin, ba ka jin kunya? Mutum bai runtsa ba!”

“Haba Marlys, yau fa? Buɗe baki, Yallaɓai.” Ya leƙa, ya girgiza kai. “Wannan cirewa za a yi. Ku same ni a ƙasa, minti goma.” Ya sulale gangaren a kan katakonsa, ƙura fara ta bi bayansa.

Marlys ta ɗaura katakonta a ƙafa, ta juya. “To, mu je.”

Vernon ya dubi gangaren, ya dubi takalminsa na zuwa coci. “Mu je da me?”

Sai a lokacin ta tuna. Shekara talatin ba ta taɓa hawa da wanda bai iya sauka ba.

Ta kwance katakon a hankali, ta roƙi mai kula da igiya ya maida su a kujera. Suna sauka, masu hawa suna wucewa ta gefensu suna ɗaga hannu.

“Marlys, ƙafa ce ta karye?” wata maƙwabciya ta ƙwala.

“Haƙori ne!”

A ƙarƙashinsu mutane sai yanka farar dusar suke, layi bayan layi. Ta kawar da kai.

Kafin azahar haƙorin ya fita. Vernon, baki cike da auduga, ya nuna mata dutsen, wai ta tafi abinta. Ta leƙa ta taga, ta ga babu inda ba a taka ba.

“Zauna, Yaya,” ta ce. “Bari in je in ɗora maka miya.”