Tambarin da ke Ƙarƙashin Shuɗi

Ƙarfe tara da kwata na safe na buɗe tirelar sanyi, sai ɗumi ya bugi fuskata.

Kwana tara ke nan muna fama da wutar daji a duwatsun jihar Idaho. Ni hukuma ta ɗora a kan kamfanin da ke ciyar da mu, mutum ɗari shida a sansani. Ba na girki. Nawa in duba, in auna, in ce a zubar.

Kowace jakar abincin rana ana manna mata tambari mai launin ranar da aka haɗa ta. Yau Talata, shuɗi. Na ɗauki ɗaya cikin ukun da suka rage a ƙasa, na ji tambarin ya yi kauri. Na sa farce na ɓare. Rawaya ne a ƙarƙashi, na ranar Asabar. Burodin da ke ciki kuwa, naman talotalonsa har ya fara yauƙi.

Dewitt, manajan kamfanin, yana bayan tanti yana shan kofi.

"Yaushe injin tirelar nan ya mutu?"

"Haba, Lorna. Ba gaisuwa?"

"Yaushe?"

"Jiya da la'asar ya fara tari. Motar kaya ba ta iso ba, hanya a rufe. Ki ce in tura maza kan dutse da hannu wofi?"

"Su wa ka ba tsofaffin jakunkunan?"

Ya kalli kofinsa. "Kwali ɗaya ne kacal. Mutanen nan ko taya kika soya musu za su cinye."

"Su wa, Dewitt?"

"Tawagar Yazzie."

Mutum ashirin ne, suna can ƙolin dutse suna sharar layin da zai tare wuta kafin ta gangaro wa garin da ke ƙasa. A taron asuba an ce iska za ta juya da ƙarfe biyu, ta koro wutar wajensu. Daga inda suke zuwa titi tafiyar awa biyu ce, ga mai lafiya.

Na kwantar da hankalina da cewa da sauran lokaci, abincin rana ne. Na fizgi oba-oba.

"Yazzie, Lorna ce daga kicin."

"Uwar tukwane. Yau me muka yi, cokali muka sata?"

"Kada wanda ya taɓa burodin nama. Ku zubar yanzu."

Na ji dariya a bayansa.

"Yar'uwa, shekara nawa kike wannan aiki? Wa ke goya nama a baya cikin zafin nan har rana ta take? Tun a mota muke gamawa da shi. Gyaɗa da alewa ake bar wa rana."

"Ƙarfe nawa?"

"Shida. Ni biyu ma na ci, yarona Tully ya ba ni nasa."

Na gaya masa abin da na gani. Dariyar ta ɗauke.

"Lafiyarmu lau," in ji shi. "Saura ƙiris layin ya haɗe. In muka bar shi, gidaje arba'in ne a ƙasa."

"Irin wannan ba ya sallama, Yazzie. Yana kama mutum a tsaye. In ya same ku ƙarfe ɗaya, wa zai ɗauki wa?"

"Ke mai abinci ce, ba ke ke ba ni umarni ba."

"Na sani. Juya ka kalli mutanenka."

Ta oba-oba ina jin ƙarar zarton inji can nesa, sai ta tsaya.

"Biyu sun durƙusa," ya ce a hankali. "Gaya wa kwamanda muna saukowa. A turo mota bakin gada."

Ni na bi motar da jarkokin ruwan gishiri da sukari. Hayaƙi ya hana jirgin saman ceto tashi. Ƙarfe ɗaya da rabi suka fara ɓullowa daga cikin itatuwa, babu gatari babu zarto, wannan ya rataya a wuyan wancan. Ina ƙirgawa. Sha shida. Sha takwas.

Iska ba ta jira ƙarfe biyu ba. Ganye ya fara gudu ta wajenmu, toka mai zafi tana sauka a kan gilashi.

"Mu tafi," in ji direba.

"Saura biyu."

"Gadar katako ce, Lorna."

Na cire makullin motar na jefa a aljihu. Ya zage ni, na ƙyale shi.

Minti huɗu aka yi kafin Tully ya fito, ya saɓo Yazzie a kafaɗa, rigarsa tana hayaƙi. Muka jawo su ciki. Muna haye gadar na waiwaya, wuta ta riga ta tsallake layin, ta kama gangaren da ke saman gari.