Taliyar da Ba a Yankawa

Shekara ashirin da biyu Garzali yana cin pansit, bai taɓa tambayar yadda ake dafa shi ba. Abincin mutanen Filifin ne, ƙasar matarsa Angelina: wata siririyar taliya mai ɗaukar ido kamar zaren roba, a soya ta da kaza da kabeji da karas. Duk ranar haihuwar wani a gidan sai ta yi shi. Shi dai nasa ya zauna ya cinye faranti biyu, yana mitar cewa taliyar ta cika tsawo, sai ka ce igiyar guga.

Yau ranar haihuwar Angelina ce, ta cika hamsin da ɗaya, tana kwance a gadon asibiti da aka kafa mata a falon gidansu da ke garin McLeansville, can ƙasar waje. Ita da ta yi shekaru tana jinyar mutane, ga shi ciwon daji ya mai da ita abar jinya. Kwana huɗu ke nan ba abin da ya wuce maƙogwaronta sai ruwa. Likita ya gaya wa Garzali ba ɓoye-ɓoye cewa in ba ta fara cin abinci ta yi ƙarfi ba, ba za a sake ba ta maganin dajin ba. Kowa ya san abin da hakan ke nufi.

Ya sa an dama kunu, ta kau da kai. Ya sa an yi farfesu, ƙamshin ma ya tayar mata da zuciya. Sai da safen nan ta buɗe ido ta ce, "Baban Afnan, yau ba za a yi pansit a gidan nan ba?"

Da ka ga yadda ya zabura sai ka ce an yi masa albishir da kujerar Makka. Mutumin da ko shayi sai an haɗa masa, shi ne ya ɗaura tawul a ƙugu ya faɗa kicin. A can ƙuryar kabad ya samo ƙunshi ɗaya tak na taliyar, an rubuta sotanghon a jikinsa. Kantin da ake sayar da ita yana cikin gari, tafiya da dawowa kusan awa guda, ga shi ba wanda zai bar ta da shi, ita kuwa Angelina maganin ciwo ba ya barin ta a farke sosai sai ɗan lokaci bayan azahar. Ƙunshin nan ke nan, ba na biyu.

Ya tarar da takardar girkin manne a bayan ƙofar kabad, da rubutun hannunta, mai ya ɗiɗɗige ta. Inda aka rubuta naman alade tun asali an ja layi an sa kaza, da tawadar da ta koɗe. Ya tsaya yana kallon layin nan. A makon aurensu ta ja shi, ba tare da ya roƙa ba, bai kuma taɓa ce mata ta gode ba.

Ya tafasa kaza ya ajiye romon. Ya yanka albasa, hawaye na zuba, ya ɗora wa albasar laifi. Ya daka tafarnuwa, ya yayyanka kabeji da karas sirara iya ƙoƙarinsa, ko da yake wasu sun fito kamar itacen girki. Taliyar kuma ya jiƙa ta a ruwan ɗumi kamar yadda takardar ta ce. Da ta yi laushi ya ɗaga ta da hannu, ya kai har saman kansa, ba ta ƙare ba.

Nan fa ya tsaya tunani. A gidansu a Kano ba a taɓa jefa taliya a tukunya ba a karya ta ba. Mahaifiyarsa gida uku take yi mata, yayyensa mata ma haka, duk matar da ya sani a masallaci haka take yi. Balle ga mara lafiyar da ruwa ma da ƙyar take haɗiyewa. Ina za ta kai wannan igiya? Ya ɗauko almakashi, ya bi kwanon nan a tsanake, yana datsawa yana sake datsawa, har ta koma guntu-guntu kamar gaɓar yatsa. Har ya yaba wa kansa a ransa, wai ya yi abin da takarda ba ta yi tunaninsa ba.

Ya zuba mai a kaskonta mai zurfi, ya soya tafarnuwa da albasa, ya sa kaza da ganye, ya tsiyaya baƙin ruwan waken soya da romo. Taliyar ta shanye romon ta yi launin zuma. Gidan ya ɗauki ƙamshin da rabonsa da shi tun kafin ciwo. Rabon Garzali da jin sanyi a ransa irin na wannan lokaci, shi ma ya manta.

Yana matsa lemon tsami ya ji tsayuwar mota. Afnan ce, 'yarsu tilo, da ke karatu a jami'a tana haya a unguwar Glenwood. Ta shigo da furanni a hannu tana murmushi saboda ƙamshin da ya tare ta tun daga ƙofa. Ta leƙa kaskon, murmushin ya ɗauke.

"Baba, me ka yi mata?"

"Na rage mata tsawo ne, don mamanki ta iya haɗiyewa."

"Ba a yankawa, Baba." Hausarta ta fara tangaɗi kamar kullum in ranta ya ɓaci, ta haɗa da Turanci. "Birthday ne fa. Tsawon taliyar shi ne tsawon rai. Shi ya sa ake yin ta. Ba ka taɓa lura ba?"

Sai a lokacin ya tuna. A shekararsu ta farko Angelina ta gaya masa, tana dariya, cewa a garinsu wanda ya yanka taliyar ranar haihuwa ya yanke wa mai ranar kwana. Shi kuma ya gyara zama ya yi mata wa'azi, cewa camfi ne, rai a hannun Allah yake. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma sake faɗa ba. Ta ci gaba da dafa masa doguwa kowace shekara, shi yana ci yana mita.

Har yanzu ya san camfi ne. Ya san ba almakashin da ke yanke kwanan bawa. Amma sanin bai amfane shi da komai ba, don ba shi za a kai wa farantin ba. Garin neman gira ya rasa ido.

"Bari in je kanti," ya ce, yana lalubar makullin mota.

"Ta farka, Baba. Kafin ka dawo ta koma barci."

Daga falo muryar Angelina ta taso, siririya. "Ina jin ƙamshi. Ku kawo mini kafin ya huce."

Ya zuba a farantinta mai zanen shuɗi, ya baza kabeji da kaza a sama ko za su rufe ɓarnar. Afnan ta tayar da kan gadon, ta sa mata matashi. Ya ajiye farantin a gabanta, ya kasa haɗa ido da ita.

Angelina ta ɗauki cokali mai yatsu ta soka ta juya, kamar yadda hannunta ya saba. Ba abin da ya naɗu. Guntayen suka zube ta tsakanin yatsun cokalin. Ta sake gwadawa, sannan ta tsaya tana kallon farantin, ta daɗe.

"Ki yafe mini," in ji Garzali. "Wallahi don ki iya ci na yi. Na manta. Ke ma kin san ba komai ba ne, ai magana ce kawai ta mutane."

"Na sani," ta ce. "Kai ka gaya mini."

Ba da gatse ta faɗa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ta ɗebi kaɗan ta kai baki. Su biyun suka zuba mata ido. Ta tauna, ta tauna, ta runtse ido ta yi ƙoƙarin haɗiyewa. Abin ya ƙi. Afnan ta tara mata tawul ta mayar.

"Gishirin ya yi daidai," ta ce da ta huta. "A karon farko. Ka ga da ka shigo kicin tun da."

Ya ce ta ƙara ko cokali ɗaya, ya roƙe ta da Allah, ya tuna mata abin da likita ya ce. Ta girgiza kai. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta fi shi sanin abin da likita ya ce da abin da bai faɗa ba.

Ba ta ture farantin ba. Ta ci gaba da tona shi da cokali a hankali, tana kawar da karas gefe, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Can ƙasa cokalin ya kamo wani abu. Ta ɗaga, sili ɗaya ya biyo, wanda ya tsere wa almakashi. Ta ci gaba da ɗagawa har iya inda ƙarfinta ya kai, silin bai tsinke ba.

Garzali ya matso kusa. "Alhamdu lillahi, ga naki nan. Ci wannan, Angelina."

Ta naɗe shi a cokalin a nutse, zagaye bayan zagaye, don kar ya katse. Sannan ta juya wajen 'yarta.

"Afnan, buɗe bakinki. Kar ki ciza, ki haɗiye shi duka."