Rabon Siniva

Kiɗa ya tashi a filin Apia, babban birnin ƙasarmu, matan ƙauyenmu suka ɗaga hannuwa sama gaba ɗaya, zannuwansu shuɗɗa, gumi na sheƙi a wuyansu. Matata Siniva tana layin baya. Masu shirya bikin motsa jikin ne suka mayar da ita can, suka jera 'yan mata sirara a gaba saboda masu ɗaukar hoto. Amma 'yan matan sai satar waiwaye suke yi, don ita ta koya musu kowane taku.

Ni ƙafarta ta hagu nake kallo.

Bara ne malamar asibiti ta duba wani miki a yatsan ƙafar da ya ƙi warkewa, ta ce ciwon sukari ne. In ba ta canja ci da zama ba, yatsan zai tafi, ƙafar ta bi shi. Siniva ba ta yi kuka ba. Washegari da sassafe ta fita tafiya bakin teku. Matan da ke shara suka yi ta dariya, suna tambaya ko ni na kore ta. Tsohuwa Fialelei ma cewa ta yi in ba na ciyar da ita ne, ta faɗa a kai ni ƙara. Ba a jima ba mata suka bi ta, tafiyar ta koma rawa da kiɗa, sai ga Fialelei a bayanta, tana haki, tana zagin kiɗan, tana rawa.

A bikin na Apia, matan ƙauyenmu ne suka zo na ɗaya. Attajirin da ya ɗauki nauyin bikin ya miƙa kyautar da hannunsa: katan-katan na naman gwangwani, da gindin talo-talo, da lemon kwalba. Aka yi ta tafi.

* * *

Ranar Lahadi bayan coci aka dafa kyautar, gari ya taru a zauren taro. A wurinmu wanda aka girmama shi ake ba inda ya fi maiƙo, a kira sunansa kowa ya ji. In ya ture, ya ture mai bayarwa ne, da duk wanda ke zaune.

Aka kira sunan Siniva. Aka ajiye mata tire a kan tabarma, kitse na ɗiga daga gefensa. Mai gari Tuala ya ce wannan yarinya ta ɗaga sunan ƙauye, yau sai ta ci ta ƙoshi.

Mikin bai daɗe da rufewa ba.

Ta sunkuyar da kai ta yi godiya, ta jero sunayen manya ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata. Ta gutsuri gwaza ta ci a hankali. Sannan ta roƙi a miƙo mata ganyen kwakwa, ta fara saƙa kwando nan a zaune.

"'Yata, ko bai yi daɗi ba ne?" in ji Tuala.

"Ranka ya daɗe, girman ya fi cikina. Gida zan kai, kowa ya san an karrama ni."

"Ƙyale ta," in ji Fialelei, bakinta cike da nama. "Wannan ko barci take yi ƙirga taku take. Tambayi mijin, ga shi nan ya rame."

Zaure ya ɗauki dariya, har da mai gari. Siniva ta juye tiren a kwando, ko ƙashi ba ta bari ba, ta ɗora kwalbar lemo a kai. An ce ta hau mota, ta ce ƙafa za ta taka.

* * *

A hanya ta ce mini ba ta san yadda za ta yi da shi ba. In ta zuba wa aladu, kafin yamma gari ya ji. In ta ba maƙwabta, su ma jini ne a jikinsu. Na karɓi kwandon na riƙe mata.

Muka ajiye shi a kan tebur. Ta zagaya famfo ta wanke ƙafar, ta tsane tsakanin yatsun da kyau kamar yadda aka koya mata, ni ina riƙe da tawul.

Da muka dawo, 'yarmu Lupe, mai shekara biyar, tana zaune a ƙasa da kwandon tsakanin ƙafafunta. Maiƙo har haɓa, kwalbar lemo ta kai rabi.

"Mama ce ta ciyo mana," ta ce da ni, tana murmushi.

Siniva ta durƙusa, ta kama gefen shuɗin zanenta, ta shiga goge mata baki.